Watan Maris ba lokacin gasar hunturu ta nakasassu ba ne

Da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe a watan Maris, a gangaren dutsen da rana ke duka, dusar ƙanƙara kan fara sakin jiki. Samanta ya jiƙe, ya yi laushi kamar dakakkiyar ƙanƙarar da ta soma narkewa a kofin zoɓo. Ɗan wasan zamiya a kan dusa na farko ya wuce ya bar sawu, na goma ya mai da sawun kwari, kafin a kai na talatin kowace kwana ta zama rami. Mai ƙafa biyu da ke tsaye a kan katakon zamiya biyu yana da gwiwoyin da za su shanye masa girgizar ramin. Wanda ke zaune kuwa, an ɗaure shi ne tamau a cikin wata kujera da aka ƙera daidai jikinsa, kujerar na kan ƙarfe mai shokozoba guda, ƙarfen na kan katako guda ɗaya tak, sai gajerun sanduna biyu a hannu masu ɗan katako a baki da yake tokarawa. A tseren gangara gudunsa kan haura kilomita 100 a sa'a. Idan bakin katakon ya nitse a dusa mai laushi, ba shi da ƙafa ta biyu da zai dafe da ita. Shokozobar ta danne, ta sake, ta cilla shi sama da shi da kujerar baki ɗaya.

A tseren gangara galibi makafi ake fara saki, sai masu tsayuwa, sannan masu zama. Wato waɗanda rami ya fi yi wa illa su ne ke samun hanyar bayan ta gama lalacewa.

Ra'ayina shi ne duk ƙasar da za ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta nakasassu ta lokacin hunturu, wadda ake kira Paralamfik, ba ta cika alkawari ba muddin ta yarda a ci gaba da yin ta a watan Maris. Ana yawan auna mai masaukin baƙi da yawan matakalan da ya mai da gangare da faɗin ƙofofin banɗaki, kuma waɗannan suna da muhimmanci. Amma babban abin da ɗan wasan hunturu ke buƙata shi ne sanyi, kuma tsarin da ake kai yanzu yana ba masu lafiyar jiki tsakiyar sanyin, nakasassu kuma a miƙa musu ɗumame.

Ba haka aka faro ba. Gasar farko an yi ta ne a watan Fabrairun 1976 a garin Örnsköldsvik na ƙasar Suwidin, ƙasashe 16 suka halarta, cikinsu har da Yuganda, wadda wani makaho mai suna Tofiri Kibuuka ya wakilta a tseren zamiya na dogon zango. Daga nan sai Geilo a Norwe a 1980, sai Innsbruck a Ostiriya sau biyu, 1984 da 1988. A lokacin gasar tana cin gashin kanta, tana zaɓar gari da rana yadda ta ga dama, sai dai ba kuɗi, ba talabijin, ba 'yan kallo. A 1992 a Faransa aka soma haɗa ta da mai masaukin Olamfik, sannan a 2001 kwamitin Olamfik na duniya da kwamitin wasannin nakasassu na duniya, mai hedikwata a Bonn ta Jamus, suka sa hannu a kan yarjejeniyar cewa duk garin da ya nemi ɗaya to ya nemi biyun. Wannan yarjejeniya alheri ce, ba na musu. Ita ta kawo filaye na gaske da masauki na gaske da kyamarori. Amma ita ce kuma ta ɗaure gasar a bayan Olamfik, Olamfik kuma ta kafe a Fabrairu. Duba ranakun: Vancouver 12 zuwa 21 ga Maris 2010, Sochi 7 zuwa 16 ga Maris 2014, PyeongChang 9 zuwa 18 ga Maris 2018, Beijing 4 zuwa 13 ga Maris 2022, Milan da Cortina 6 zuwa 15 ga Maris 2026. A can arewacin duniya bazara na shiga ne wajen 20 ga Maris. Gasar Vancouver har ta tsallaka cikinta.

Wanda bai san ƙasashen ba zai ce ai makonni uku ko huɗu ne kawai tsakani. Makonnin nan kuwa su ne maganar. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, a yankin tsaunukan Alps, yini kan ƙaru da fiye da sa'a guda, rana kuma ta ƙara ɗagowa sama tana dukan gangaren kai tsaye. Dare kan yi sanyi hanya ta daskare ta yi tauri kamar siminti, rana ta fito ta narkar da samanta, dare ya sake daskarar da ita da dukan sawun da aka bari. Saboda haka a yini guda ana iya samun hanya iri uku, ta safe mai santsi da tauri, ta hantsi mai kyau na ɗan lokaci, ta azahar mai caɓi. Ɗan wasan da ya gwada hanya da ƙarfe takwas ba ita zai tarar ba da ƙarfe sha biyu.

Za a ce ai akwai injinan yin dusa. Akwai, kuma gasar Beijing kusan dukanta a kan dusar inji aka yi ta. Amma inji ba firij ba ne. Abin da yake yi shi ne fesa ruwa da iska mai ƙarfi ya zama ƙananan ɗigo, sanyin sararin ne ke daskarar da ɗigon kafin ya sauka. Idan sanyin, haɗe da bushewar iska, bai kai wajen digiri biyu zuwa uku ƙasa da sifili ba, ruwa kawai injin zai zubo. Mita kubik ɗaya na ruwa kan ba da dusa kusan biyu zuwa biyu da rabi, don haka sai an gina tafki a kan dutse, a ja bututu, a kafa famfuna masu cin wuta sosai. Duk wannan jari a Disamba da Janairu yake aiki. A Maris, a wurare da yawa, sa'o'in da injin zai iya aiki 'yan kaɗan ne cikin tsakar dare, wani daren ma babu. Abin da aka tara tun farkon hunturu shi ne jarin, kuma Olamfik ta riga ta taka shi na tsawon kwana 17.

Dabara ta biyu gishiri ce. Ana watsa shi da hannu ko da injin watsa taki a kan dusar da ta jiƙe. Gishirin ya narkar da ɗan kaɗan daga cikinta, narkewar ta zuƙe zafi daga dusar da ke kewaye, sai wannan ta daskare ta yi tauri. Mai manyan ƙwayoyi ya fi, domin yana nitsawa can ciki, mai laushi kuwa ɓawo kawai yake yi a sama wanda 'yan wasa biyar za su fasa. Yana son dusa mai ruwa a jiki, idan ta bushe sai an fara yayyafa mata ruwa, idan kuma sabuwar dusa ta sauko a kai aikin ya ɓaci. Ƙarfinsa na 'yan sa'o'i ne. A Sochi, tun a lokacin Olamfik, sai da aka ɗauko tan 24 na irin wannan gishiri cikin gaggawa daga Suwizalan, bayan masu shiryawa sun riga sun tara dusa kimanin mita kubik 450,000 tun hunturun da ya gabata sun lulluɓe ta da barguna na musamman. Wannan fa a Fabrairu ke nan. Da Maris ya zo, tseren gangara na masu zama ya cika da faɗuwa, 'yan wasa da dama ba su kai ƙarshen hanya ba, wasu sai da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke su. A Vancouver hazo ya sa aka ɗage tseren gangara a dutsen Whistler. A Beijing aka riƙa jawo wasu wasannin baya da kwana guda don a riga zafin da aka yi hasashe.

Masu bincike biyu, Robert Steiger na Jami'ar Innsbruck da Daniel Scott na Jami'ar Waterloo a Kanada, sun auna wurare 93 da ke da tsaunuka da kayan aikin da za su iya karɓar gasar. Lissafinsu ya nuna cewa zuwa shekarun 2050, idan ɗumamar yanayi ta ci gaba a kan hanyar da take, 52 ne za a iya dogara da sanyinsu a Fabrairu, a Maris kuwa 22 kacal. Tsaunukan ɗaya ne, injinan ɗaya ne, wata ne kawai ya bambanta.

Ba masu zama kaɗai abin ke taɓawa ba. Makaho yana gangarowa ne a bayan ɗan jagoransa, wanda ke gaba da 'yan mitoci yana yi masa magana ta rediyon da ke cikin hular kwano: hagu, dama, tudu, saki jiki. Duk tsarin ya dogara ne a kan tazarar da ke tsakaninsu ta tsaya daidai. Dusa mai caɓi tana kama katako ba zato, wuri mai inuwa kuma ya sake shi da gudu. Ɗan jagora ya shiga caɓi ya rage gudu, na bayansa yana kan tauri, sai ya hau shi. Ko kuma akasin haka, jagora ya yi nisa, umarnin da ya bayar ya iso kafin lokacinsa. Mai ƙafa ɗaya da ke tsaye a kan katako guda, shi ma duk nauyin ramin a gwiwa ɗaya yake sauka. A tseren dogon zango kuwa, mai zama da hannu kaɗai yake tura kansa, kilomita goma ko fiye, kuma a caɓi sandar nitsewa take yi maimakon ta tura. Akwai kuma maganar adalci a lissafi. Da yake nakasa ba iri ɗaya ba ce ko a cikin rukuni guda, ana ninka lokacin kowane ɗan wasa da wani kaso da aka ware wa ajinsa, domin wanda ba ya iya sarrafa tsokar ciki da ta baya ya iya karawa da wanda ke iyawa. Kason nan an fitar da shi ne daga sakamakon tsere masu yawa. Ranar da hanya ta zama kunu, wahalar ba daidai take rabuwa ba, ta fi danne mai ƙarancin ƙarfin jiki, kason kuma yana nan yadda yake a takarda.

A ƙasa ma, wajen fili, Maris bai yi wa mai keken guragu daɗi ba. Dusa mai tauri ana iya share ta a shimfiɗa tabarmar roba a wuce. Wadda ta narke ta gauraya da laka kuwa, ƙananan tayoyin gaba nitsewa suke yi a cikinta, hannun da ke tura taya ya jiƙe, da yamma ruwan ya daskare a kan gangaren shiga ya zama tarko. Mai raunin lakar ƙashin baya ba ya jin sanyi a ƙafafunsa, jikinsa kuma ba ya daidaita zafi yadda ya kamata, don haka jiƙaƙƙen wando a iskar dutse ya fi busasshen sanyi haɗari gare shi.

To me zai hana a rage tazarar da ke tsakanin gasannin biyu? A 2026 an sa rufe Olamfik ranar 22 ga Fabrairu, buɗe ta nakasassu ranar 6 ga Maris, kwana 12 ke nan. Wanda ya san aikin da ake yi a kwanakin nan ba zai nemi a rage su ba. Filin hoki na kan ƙanƙara sai an sake masa fasali. 'Yan wasan suna zaune ne a kan wani ɗan gado mai wuƙaƙe biyu a ƙasa, kusan irin allon nan mai tayoyi da masu shan inna ke buga ƙwallo a kai a garuruwanmu, suna tura kansu da gajerun sanduna biyu masu ƙusoshi a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma na dukan ƙwallo. Ba za su iya tsallake dakali su hau benci ba, don haka sai an daidaita wurin zaman 'yan canji da na hukunci da saman ƙanƙarar, a shimfiɗa masa abin da gadon zai zame a kai, a cire allunan gabansa a sa masu gani-garau domin wanda ke zaune a ƙasa ya ga wasa. Filin harbi na tseren zamiya da harbi shi ma haka. A Olamfik ana harbi ne daga mita 50, a nan kuwa daga mita 10, da bindigar iska ga masu nakasar gaɓoɓi, makafi kuma da bindigar lantarki wadda ke aika sauti zuwa kunne, sautin na ƙara tsini gwargwadon kusantar tsakiyar abin bara. Duk wayoyin nan sai an shimfiɗa an gwada su a cikin sanyi. A wasan tura dutse a kan ƙanƙara, inda dutsen ke da nauyin kusan kilo 20 kuma masu keke ba sa share masa hanya da tsintsiya kamar yadda masu tsayuwa ke yi, sai an tanadi wurin da za a goge tayoyi a bar su su yi sanyi, domin taya mai ɗumi ko mai ƙura tana ɓata fuskar ƙanƙarar.

Sai masauki. A cire wasu gadaje domin keke ya sami filin juyawa na mita ɗaya da rabi, a sa kujerar wanka da ƙarafan dafawa, a sauke teburan abinci. A cire kujeru daga motocin bas a kafa maɗauran keke. A buɗe wurin gyara, wanda kamfanin Ottobock na Jamus ke gudanarwa tun gasar Seoul ta 1988, da masu walda da masu gyaran ƙafar roba da masu ɗinkin fata, domin ƙarfen kujerar zamiya idan ya tsage yau, tseren gobe ne. A canza tambura, a horar da masu aikin sa kai na biyu domin na farko sun gaji sun koma gida. A Italiya an ƙara wa abin wuya da nisa. Daga Milan, inda filin hoki yake, zuwa Cortina kusan kilomita 400 ne, tafiyar sa'a biyar a mota, jirgin ƙasa kuma bai kai Cortina ba tun da aka rufe layinta a shekarun 1960, a Calalzo yake tsayawa. Tseren dogon zango yana can Tesero, bikin buɗewa kuma a tsohon dandalin Verona da Rumawa suka gina kusan shekara 2,000 da suka wuce, wanda duk matakalan dutse ne. Kwana 12 ɗin ma da ƙyar ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu na cewa a fara da ta nakasassu, a yi ta a Janairu kafin Olamfik. A kan dusa wannan ya yi daidai, amma ina tsoron abin da zai biyo baya. Duk wanda ya san yadda manyan gine-gine ke tafiya ya san ana kammala su ne a daren ƙarshe. Idan nakasassu ne farkon shiga, su za su zama zakaran gwajin dafi, a kansu za a gano lif ɗin da ba ya aiki da titin da ba a gama ba. Wasu kuma na cewa a haɗa su lokaci guda. Masaukin da aka gina wa 'yan wasa kusan 2,900 ba zai ɗauki ƙarin 600 da masu taimaka musu da kekunansu ba, filin gangara guda ba zai ɗauki tsere biyu a safiya ɗaya ba, kuma a talabijin babbar gasar za ta haɗiye ƙaramar. Raba gari kuwa komawa ne zamanin da ba kuɗi.

Abin da ya rage, kuma shi nake goyon baya, shi ne a jawo gasannin biyu baya gaba ɗaya da mako uku. Olamfik ta fara a tsakiyar Janairu ta ƙare a farkon Fabrairu, a bar kwana 12 ɗin yadda suke, ta nakasassu ta faɗo a tsakiyar Fabrairu ta ƙare kafin watan ya fita. Wannan yana da tsada, kuma na san waɗanda za su ƙi. Gidajen talabijin na Amurka, waɗanda kuɗinsu ne kaso mafi tsoka a asusun Olamfik, Janairu lokacin wasannin ƙarshe ne na ƙwallon ƙafarsu ta gida. Hukumomin wasannin zamiya suna da manyan tsere na gargajiya a Janairu, irin na Kitzbühel a Ostiriya da Wengen a Suwizalan, waɗanda garuruwan ke rayuwa da su. Masu otal a tsaunuka ba sa son a rufe musu gangare ana shirin gasa a makon Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da suka fi ciniki. Yini kuma gajere ne a Janairu, sai an ƙara fitilu. Duk gaskiya ne. Amma a lura da irin asarar da ke kowane gefe. A ɗaya gefen jadawalin talla ne da kuɗin ɗaki, abubuwan da ake zama a sasanta tun da ana ba da gasar shekara da shekaru kafin lokacinta. A ɗayan kuma kafaɗar mutumin da ba shi da ƙafa ce. Mai tsayuwa idan ya karya kafaɗa zai rataye hannu ya ci gaba da yawonsa. Mai keke idan ya karya ta, ba tura keke, ba hawa gado, ba shiga banɗaki sai an ɗauke shi, har tsawon watanni.

Kafin a kai ga sauya watan, akwai abubuwan da ya kamata a rubuta su ƙarara a takardar yarjejeniyar mai masauki, kada a bar su ga kirkin masu shiryawa. A ware tulin dusa na musamman, a lulluɓe shi da garin katako ko farin bargo a gefen da rana ba ta duka, a hana taɓa shi lokacin Olamfik ko me ya faru. Tulin da aka rufe da kyau yakan tsira da kashi biyu cikin uku ko fiye ko da ya kwana lokacin zafi guda, balle 'yan makonni. A zaɓi gangare mai fuskantar arewa, mai tsayi, ko da ba shi ne na Olamfik ba. A ba alƙalan fili ikon fara tsere da sassafe ko da dare ba tare da jiran amincewar masu talabijin ba, a kuma riƙa juya jerin fita ta yadda masu zama ba kullum ne na ƙarshe ba. A bar ranakun ko-ta-kwana a jadawali, domin kwana goma da wasanni kusan 80 ba su bar wurin ɗage komai ba. Kuɗin gasar kuma a ajiye shi a asusu dabam. A Rio a 2016, gasar lokacin zafi ce amma darasin ɗaya ne, saura makonni kaɗan a buɗe aka sanar da rage ma'aikata da motoci da rufe wasu wurare saboda aljihun masu shiryawa ya bushe, kuɗin tafiyar da aka yi wa ƙasashe matalauta alkawari kuma ya makara.

Gasanni biyu masu zuwa an riga an bayar da su tun Yulin 2024. Ta 2030 a tsaunukan Faransa an sa ta 1 zuwa 10 ga Maris, ta 2034 a Salt Lake City ta Amurka kuma 10 zuwa 19 ga Maris, wadda ta ma fi ta Italiya shiga bazara. Ta 2038 ce ba a rattaba wa hannu ba, kuma Suwizalan aka ba damar tattaunawa ita kaɗai har zuwa ƙarshen 2027. Kwamitin wasannin nakasassu yana da kujera a wannan teburi, yarjejeniyarsa da kwamitin Olamfik kuma a 2032 take ƙarewa, sai an sabunta ta. A wannan zaman ne ya kamata ya ƙi sa hannu sai an rubuta Fabrairu.